Kwaltar da Aka Shimfiɗa a Kan Mma

Duk direban da ke bin hanyar Yendi zuwa Salaga ya san ni, kuma ba da alheri ya san ni ba. Ni ce tsohuwar nan da ke dukan jikin mota da tafin hannu in an kusa shiga garinmu, ina cewa a tsaya in sauka, alhali da sauran tafiya kafin tasha. In na sauka sai in bar kwalta, in kutsa wani ɗan lungu ta bayan shaguna, da sandata da ƙullin kayana. Ran nan wani direba mai ƙaton ciki ya leƙo ta taga ya ce, "Tsohuwa, kai kullum wahala! Tasha ga shi can gaba, mene ne?" Ko "ke" bai iya cewa ba, amma ya iya rashin kunya. Na ce masa, "Uwata ce kwance a ƙarƙashin tayarka. In kai kana iya bi ta kan uwarka, ni ban iya ba." Mutanen motar suka kwashe da dariya, a zatonsu ruɗin tsufa ne. Su yi ta dariya. Hankalina ya fi na kakanninsu, kuma abin da na faɗa haka yake: kabarin mahaifiyata yana ƙarƙashin wannan hanya, daidai inda motoci ke ƙara wuta.

Da ba haka garin yake ba. Hanyar da muka taso muka gani ta jar ƙasa ce, kuma ba miƙaƙƙiya ba ce. In ta taho daga wajen Yendi, da ta iso wata babbar ɗorawa sai ta karya kwana, ta yi zagaye mai faɗi, ta biyo ta cikin zango, ta wuce ƙofar gidanmu, ta ratsa kasuwa, sannan ta miƙe ta nufi Salaga. Ba wanda ya taɓa tambayar dalilin wannan kwana, don kowa ya sani. Maƙabartar zango ce a wurin, waɗanda suka fara taka hanyar da ƙafa da jakuna kuwa mutane ne masu kunya. A bayan zango kuma akwai burtali, wato hanyar shanu, mai faɗi fetal, ba a noma shi, ba a gini a kansa, ba na kowa ba ne kuma na kowa ne. Ta nan garken shanu ke gangarowa tun daga Bawku. Kafin ka gan su za ka ji su: ƙasa na rugugi a hankali, makiyaya na fito da baki, ƙahonni na karo da juna ƙwas-ƙwas. In sun wuce sai mu 'yan mata mu fita da tsofaffin kwanduna mu kwashe kashin shanu, a kwaɓa a shafe gindin bango da rumbu. Ina iya jin warinsa a hancina har yanzu, kuma wallahi ya fi mini warin man fetur ɗin da ya maye gurbinsa.

Mma, haka muke kiran mahaifiyarmu, koko take sayarwa a ƙofar gida, a bakin wannan tsohuwar hanya. Aikina ne jiƙa gero, da niƙa a dutse har kafaɗa ta yi tsami, da tacewa. Citta da kanumfari da barkono kuwa ita ke sawa da hannunta, ba ta yarda da awon kowa. Da assalatu za ka ji manyan lorori masu bodin katako suna nishi a kwana, maƙare da doya ko buhunan albasa, direba ya taka birki a gabanmu tun bai kashe inji ba yana kira, "Mma, a cika ƙwarya!" Masu shanu su zo, masu goro su zo, Dagomba da Gonja da Mosi da Kusasi, kowa da irin Hausarsa, kowa ya tsuguna ya sha. In na yi ha'inci wajen tata, sai ta ja mini kunne ta ce, "Ki tace da kyau. Matafiyi ne zai sha. Ba zai dawo ya yi miki ƙorafi ba, amma zai faɗa a Bawku." Yanzu kuwa koko a leda ake ƙullawa, a miƙa ta tagar mota tana tafiya, mai sha bai ga fuskar mai damawa ba, ya tsotse ya jefar da ledar a kwata.

Tana da wata babbar tukunyar ƙasa da take dama kokon a ciki, baƙa wuluk saboda hayaƙi, wadda sai mutum biyu ke ɗaga ta in ta cika. Wata rana wuyanta ya tsage. Kowa ya ce ta jefar, ta ce ba a haifi mai raba ta da ita ba. Wani direban Bawku ya ciro mata jar waya daga cikin injin lorinsa, ta zauna da ƙusa ta huda gefen tsagar nan da haƙuri, ta ɗinke ta da wayar kamar mai ɗinkin ƙwarya, ta murɗe bakin. Ni nake wanke tukunyar kullum, kuma kullum sai wannan murɗin waya ya karce ni a hannu. Na tsine masa ba adadi.

Ina budurwa Mma ta rasu, cikin damina, bayan 'yar gajeriyar jinya. A zangonmu in an haƙa kabari, ana yin ƙaramin rami a ciki inda ake kwantar da mamaci, sai a rufe shi da fasassun tukwane, a liƙe da laka, sannan a tura ƙasa. Yayana, wanda shi ne babba a gidanmu, ya shigo tsakar gida idonsa jawur ya ce, "Ana neman tukwane." Mata suka fara miƙo tsofaffin da ba a amfani da su. Ni kuwa na shiga madafa na mirgino tukunyar kokon. Ya ce, "Wannan ai ita ce abincinku." Na ce, "Tata ce, Yaya. A rufe ta da abarta." Ya sa bayan gatari ya raba ta biyu a gabana. Wannan ƙara ba ta bar kunnena ba har yau. Suka ɗauki makara suka fita, ni na tsaya a bakin zaure, don mace ba ta bin gawa, ba ta shiga maƙabarta. Ban ga inda aka sa ta ba. Abin da na sani kawai, tana can bayan ɗorawa, cikin kwanar hanya, da tukunyarta a kanta.

Mu kuma ba ma gina kabari. Ba siminti, ba suna, ba allo. Tudun ƙasa ne, damina ta bi ta kansa ya kwanta, ciyawa ta rufe. Limaminmu na lokacin yakan ce ƙarƙashin ƙasa babu attajiri babu talaka, wanda ya gina kabari girman kai ya gina. Na yarda da wannan magana a lokacin, kuma har gobe ban ce ƙarya ya yi ba. Amma bai san irin mutanen da ke tafe ba, mutanen da in ba su ga siminti a wuri ba, to a wajensu babu kowa a wurin.

Na yi aure a cikin zangon, na gaji sana'ar Mma da tukunyar ƙarfe, ina goyon ɗana na fari, sai wata safiya aka wayi gari da baƙi a bakin gari. Safiyo ne da mutanensa, da wata na'ura mai ƙafa uku da suke leƙawa da ido ɗaya. Suna tafe suna kafa turaku masu jan kai. Muka ce to, gwamnati ta tuna da mu, za a zuba kwalta, har guɗa wasu suka yi, sakarkaru. Sai da aka bi layin turakun da ido aka ga ba su karya kwana a ɗorawa ba. Sun miƙe ɗoɗar, sun ratsa tsakiyar maƙabarta, sun fita ta ɗaya gefen.

Aka kira taro a ƙofar gidan Sarkin Zango. Maza suka zauna a tabarmi, mu mata muka taru a bayan zana muna saurare. Wanda ya zo daga ofishin tsara gari wani siririn mutum ne mai farar riga, da tafinta a gefensa, don ko gaisuwa bai iya da harshen kowa a garin ba. Ya baje taswira a kan tebur, ya ɗora yatsa ya ce nan wurin a takardarsa daji ne, fili ne da babu kowa. Ya ce kwanar nan tana ɓata wa manyan motoci lokaci, masu ɗauko kaya daga Bawku zuwa kudu suna son hanya miƙaƙƙiya, gari kuma ba ya ci gaba da karkatacciyar hanya. Wani dattijo mai sayar da goro ya ce, "Ranka ya daɗe, ga burtali can a bayan zango. Miƙaƙƙe ne, ga faɗi, ko bukka babu a kansa. Me zai hana hanyar ta bi ta can?" Tafinta ya juya, mai farar riga ya yi murmushi irin na wanda yaro ya yi wa tambaya. Ya ce shanu yanzu a mota za su riƙa tafiya, burtali ya gama aikinsa, kuma an riga an tsara shi, fulotai za a yanka na gidajen zama. Sannan ya ce, in da gaske akwai kaburbura, a je a nuna masa.

Yaya ne ya shige gaba, don shi ya sa Mma a rami da hannunsa. Na bi su daga nesa na tsaya a gindin ɗorawa. Ciyawa ta kai ƙirji. Ina kallonsa yana ture ta da hannu, ya yi nan, ya dawo, ya yi can, ya tsaya yana dafe da ƙeya. Shekaru sun wuce, tudu ya kwanta, ko shi bai gane wurin ba. Mai farar riga ya tsaya a gefe yana kaɗe ƙaiƙayi daga wandonsa. Da suka dawo taro ya ce bai ga komai ba, amma duk abin da ya fito a lokacin aiki za a tattara shi cikin mutunci.

Na jira in ji maza sun tashi tsaye. Shiru. Sai Sarkin Zango ya gyara rawani ya ce, "Jama'a, mu yi haƙuri. Mu baƙi ne a ƙasar nan. Masu ƙasa sun ba mu wurin zama, ba za mu yi jayayya da hukuma ba." Ban san lokacin da na ture zana na fito ba, da goyo a bayana. Na ce, "Baƙi? Kakar kakata a zangon nan aka yanke mata cibiya! Sai yaushe za mu gama baƙunta? Waɗanda ke kwance can su ma baƙi ne, da za a ce su tashi su ba mota wuri?" Liman ya sunkuyar da kai. Yaya ya taso ya kama hannuna yana cewa, "Ke, shiga gida, kada ki kunyata mu gaban mutane." Na ce, "Ni ce zan kunyata ku? Ai kun riga ni." Mai farar riga ya tambayi tafinta me matar nan ke cewa, na ji da kunnena tafinta ya ce masa wai ina roƙo ne a yi aikin da sauri. Allah ya isa tsakanina da wannan tafinta, ko yana raye ko ya mutu.

Daga baya ne muka gane dalilin shirun. Da aka yanka burtali, fulotan bakin gaba duk a hannun manyan da suka zauna a sahun farko na taron nan suka faɗa. Yaya ma ya samu nasa, ɗan ƙarami a can ƙarshe. Ya gina, ya zauna, ya mutu a ciki, ban taɓa shan ruwan gidan ba. Allah ya jiƙansa. Na yafe masa da baki, zuciyar ce ta ƙi bin umarni.

Ranar da katafila ta shiga maƙabarta ina bakin tukunya da hantsi, na ji ƙarar ta canja, ta bar hanya ta faɗa ciyawa. Na tashi a guje da ludayi a hannu. Wannan ce rana ta farko da ƙafata ta taka maƙabarta a rayuwata, kuma a ranar ta daina zama maƙabarta. Katafila na gaba tana kankare ƙasa, maza na biye da ita da farin ƙyalle suna tsintar abin da ya fito, kamar masu kalar gyaɗa. Ba zan faɗi abin da na gani ba. Liman ya hango ni ya ɗaga murya, "Mata su koma! Mace ba ta shiga nan!" Na ce, "Malam, ƙarfe ya shiga, ni ce ba zan shiga ba? Yanzu ka tuna da haramun?"

Ina tafe cikin jar ƙasar da aka tone, sai rana ta haska wani abu a gaban ƙafata. Na duƙa. Guntun wuyan tukunya ne, baƙi wuluk, da jar waya a ɗinke, da murɗin nan da ya sha karce mini hannu. Na zube a wurin na fara tono da yatsu ina ihu, "Ga ta nan! Yaya, ga Mma nan!" Bakin katafilar saman kawai ya ɗebe, ita tana ƙasa, ba a taɓa ta ba. Na roƙi shugaban leburori ya ba mu zuwa la'asar, a kawo fartanya a ɗauke ta a mayar wani wuri. Ya dubi sama ya ce hadari na haɗuwa, motocin tsakuwa suna layi, in ya tsaya wa kowace mace mai kuka ba zai gama hanya ba sai tashin duniya. Abin da ya fito za a ɗauka, abin da bai fito ba a bar shi. Na waiga wajen mazanmu, kowa ya kawar da kai. Yaya da wani suka ɗauke ni cak suka fitar da ni, da guntun tukunyar damƙe a hannuna. Ina tsaye a gindin ɗorawa tifa ta juya baya ta zazzage tsakuwa a wurin, wata mota mai ƙatuwar ganga ta bi ta daddanne. Ban yi kuka ranar da Mma ta rasu kamar yadda na yi a wannan rana ba.

To, ga ci gaban nan, sai a zo a gani. Hanya ta miƙe, motoci sun daina tsayawa. Suna wucewa fuu, daga Yendi sai Salaga, ba mai sanin akwai gari a nan sai in ya take akuya. Tsohuwar hanya ta mutu, ƙofar gidanmu da ke cika da matafiya yanzu kaji ke wanka a ƙurarta. Kasuwa ta watse ta koma bakin kwalta, kowa ya kafa rumfa yana miƙa hannu ga motar da ba ta ganinsa. Sun ɗaga hanyar sama, suka saka kwalbati ɗaya tak, bakinsa kuma ya dubi zango, duk damina ruwan gari kaf a tsakar gidajenmu yake kwana. Da motoci suka fara kwashe yara masu tsallakawa makaranta, mutanen gari da kansu suka tara ƙasa suka yi tudu a kan kwaltar don a rage gudu. Ka ji fa: an tone matattu don mota ta yi sauri, an dawo ana tara ƙasa don ta yi a hankali. Ragowar maƙabartar kuma ba a bar ta ba. An sare ɗorawa, gefe ɗaya gidan mai ne da doguwar katanga, ɗaya gefen shaguna da wurin wankin mota, ruwan sabulu na gangarawa inda ake karanta wa mutane addu'a. Shanu ma da aka ce za su hau mota, rabinsu har yau da ƙafa suke zuwa, ba burtali, sai su bi ta gonakin doya, kullum ana rigima da sanduna.

Sabuwar maƙabarta tana can bayan gari ta wajen Yendi. Yanzu mutanenmu sun koyi darasi, kowane kabari da siminti da allon ƙarfe da suna ɓaro-ɓaro, an bar maganar Liman saboda tsoron masu taswira. Nisan wurin ya sa an daina ɗaukar makara a kafaɗa, a bayan a-kori-kura ake sa mamaci, a hau kwalta a tafi.

Wannan ne ya hana ni sukuni kwanakin baya, da ƙafafuna suka fara kumbura. Na kira autana, wanda nake zaune a hannunsa, mutumin kirki ne, gyaran babur yake yi. Na ce masa, "In ta Allah ta kasance, ban yarda a sa ni a mota ba. Ku ɗauke ni a kafaɗa, ku zagaya, kada ku bi da ni ta kan kwaltar nan." Ya ce, "Mma, ki bar wannan magana." Shi ma Mma yake kirana. Na ce, "Ba zan bari ba. Ku bi ta burtali." Ya ce, "Mma, burtali ai gidaje ne yanzu, katanga jikin katanga." Na ce to ta lungun da nake bi. Ya ce lungun nan ko ni sai na karkata nake wucewa, makara ba ta shiga. Ta hagu katangar gidan mai, ta dama shaguna, bayansu rafi. Na ce, "To ta ina za ku bi da ni?" Ya daɗe yana murza baƙin mai a tafin hannunsa. Ya ce, "Babu wata hanya, Mma. Ita kaɗai suka bari."

Tsawon rayuwata ina sauka daga mota ana zagina don kada in bi ta kan uwata, ashe ranar da ba zan iya dukan jikin mota ba suke jira. Na jawo ƙullin da ke ƙarƙashin matashina, na kwance, na miƙa masa guntun tukunyar da wayarsa. Na ce wannan a sa shi a kaina in an zo rufe ƙaramin rami. In kuma kun iso daidai inda ɗorawa take a da, ku sa direba ya tsaya ko na ɗan lokaci ne, ka sauka ka yi mata sallama, ka ce mata ba da son raina ba ne.

Ya ce to. Ban sani ba ko direban zai yarda, don ba sa son tsayawa a wurin.